BABI NA HUƊU: MATSALOLIN LANTARKI MASU MAIMAITUWA A TSOHON AKWATIN WASAN PAC-MAN DA HANYOYIN GANO SU

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin akwatunan wasan bidiyo na jefa-sulalla, wato irin waɗanda ake girkewa a shaguna da gidajen wasa, mutum ya jefa kuɗi sannan ya yi wasa. A wannan babi kuma za a yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa matsalar lantarki takan dawo wa irin wannan akwati bayan an gyara shi, tare da matakan da mai gyara zai bi domin ya gano tushenta. An zaɓi akwatin Pac-Man ya zama abin misali saboda yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya fitar da wasan a shekarar 1980, ƙarƙashin jagorancin Toru Iwatani, sannan kamfanin Midway ya sami izinin ƙera akwatunansa a Amurka cikin wannan shekara, inda aka sayar da fiye da 100,000. A shekarar 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya saka wasan cikin wasanni 14 na farko da ya fara adanawa.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a mafi yawan lokuta abin da ya ƙone a cikin akwatin ba shi ne mai laifi ba, shaida ce kawai ta wata ɓarna da ke ɓoye a wani wuri. Muddin mai gyara ya tsaya ga canza abin da ya ƙone, to an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Batun yana da muhimmanci domin akwatunan sun haura shekara 40, an daina ƙera yawancin kayansu na asali, kuma kowane zagaye na ƙonewa yana cin wani abu daga jikin allon da ba za a iya mayar da shi yadda yake ba.

4.1 Ma'anar Matsala Mai Maimaituwa

A wannan nazari an kasa matsalar lantarki gida uku. Ta farko ita ce tsayayyiya, wato akwatin ya mutu kuma ya zauna a mace har sai an gyara. Wannan ita ce mafi sauƙin ganowa, domin tana nan tana jiran mai awo. Ta biyu ita ce mai zuwa ta tafi, wato akwatin ya yi aiki yanzu, an jima ya tsaya, idan aka buga gefensa ko aka bar shi ya huce sai ya ci gaba. Ta uku kuwa ita ce mai dawowa bayan gyara, wato a canza fis ko tiransista, akwatin ya yi sati biyu lafiya lau, sannan abin da aka canza ya sake ƙonewa. Kashi na biyu da na uku su ake nufi da matsala mai maimaituwa, kuma sau da yawa tushensu ɗaya ne.

Ya kamata kuma a bambance matsalar lantarki da kuskuren da ke cikin tsarin wasan kansa. Misali, idan ɗan wasa ya kai mataki na 256 a Pac-Man, rabin fuskar talabijin na hannun dama yakan cika da haruffa da alamomi barkatai. Wannan ba laifin waya ko wuta ba ne. Ma'ajin da ke ƙirga matakan wasan ba ya iya riƙe adadin da ya wuce 255, saboda haka ko sabon akwati haka zai yi.

4.2 Hanyar da Wuta ke Bi a Cikin Akwatin

Kafin a fahimci inda matsala take ɓuya, wajibi ne a san hanyar da wuta take bi. Akwatin da aka ƙera domin Amurka yana karɓar wutar gida mai ƙarfin bolt 115 zuwa 120, mai kai-da-komo sau 60 a daƙiƙa. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta, amfiya ma'aunin yawan wutar da ke kwarara, om kuma ma'aunin turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a hanya. Daga filogi wutar takan bi ta babban fis da makunni, da kuma wani makunnin tsaro da ke jikin ƙofar baya, wanda yake yanke wuta da zarar an cire ƙofar. Daga nan sai ta isa ga taransifoma biyu da ke ɗaure a ƙasan akwatin. Ɗaya tana ba talabijin wuta tare da raba shi da wutar gida kai tsaye. Ɗayar kuma tana rage wutar zuwa bolt 7 da bolt 12.

Abin lura a nan shi ne, Pac-Man ya sha bamban da akwatunan da suka biyo bayansa. A waɗancan, akwai na'ura ta daban da ke juya wuta mai kai-da-komo ta zama miƙaƙƙiya kafin ta isa allon wasa. A Pac-Man kuwa, ɗanyar wutar ce ke shiga allon. Takan ratsa fis huɗu, biyu masu amfiya 5 a layin bolt 7, biyu masu amfiya 1 a layin bolt 12, sannan ta bi wayoyi zuwa majonin da ke kama bakin allo. Bakin allon yana da haƙoran tagulla 44, wato 22 a kowace fuska. A kan allon ne dayod suke miƙar da wutar, manyan kwandansa su lafar da ita, sannan ragileta ya daidaita ta a kan bolt 5. Layin bolt 12 shi ke ciyar da sashen sauti.

Ƙwaƙwalwar allon ita ce Z80, kuma ita da sauran ƙananan ai-si da ke kewaye da ita an ƙera su ne su yi aiki tsakanin bolt 4.75 da 5.25. Ragileta kuma yana bukatar abin da ke shigo masa ya ɗara abin da yake fitarwa da kimanin bolt 2. Ke nan tazarar da ke tsakanin lafiya da matsala ba ta da yawa. Idan aka yi asarar rabin bolt a hanya, akwatin zai iya fara ruɗewa.

4.3 Musabbaban Maimaituwar Matsala

4.3.1 Mazaunin Fis da Majonin Bakin Allo

Waɗannan wurare biyu su ne kan gaba wajen jawo matsala a akwatin Pac-Man, kuma ciwonsu iri ɗaya ne. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ta hanyar matsi, ba tare da an like su da dalma ba, tsatsa da dauɗa sukan taru a tsakaninsu bayan shekaru, su haifar da turjiya. Turjiya kuwa tana yin ɓarna biyu a lokaci guda: tana rage ƙarfin wutar da ke wucewa, tana kuma mayar da abin da ta rage ya zama zafi.

Domin a ga girman abin, a ɗauka wuta mai amfiya 3 tana ratsa wani haƙori da tsatsa ta ba shi turjiyar om 0.2. Bisa dokar Ohm, ƙarfin da za a rasa shi ne 3 sau 0.2, wato bolt 0.6. Zafin da zai taru kuma shi ne 3 sau 3 sau 0.2, wato wat 1.8. Wannan adadi ƙarami ne a ido, amma yana taruwa ne a wurin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Zafin yakan hanzarta tsatsa, ya kuma kashe ƙarfin sufirin ɗin da ke matse haƙorin. Da matsi ya ragu sai turjiya ta ƙaru, da turjiya ta ƙaru sai zafi ya daɗu. Haka abin zai yi ta juyawa har robar majonin ta yi baƙi, tagullar haƙorin ta ɓamɓare daga allo. Wannan ne ya sa a tsofaffin allunan Pac-Man haƙoran da ke ɗaukar bolt 7 da na wayar ƙasa su ne aka fi samu a ƙone, alhali masu ɗaukar saƙon sandar wasa da maɓallai suna nan kamar sababbi.

A mazaunin fis kuma, zafin da tsatsa ta haifar yakan shiga jikin fis ɗin ya raunana zarensa har ya tsinke, ba tare da wutar ta wuce ƙima ba. Mai gyara zai ga fis a ƙone, ya sa sabo, akwatin ya tashi, bayan kwanaki ya sake mutuwa. Har wa yau, da yake layin bolt 7 reshe biyu ne, kowanne da fis ɗinsa, idan reshe ɗaya ya yanke akwatin ba lallai ne ya mutu gaba ɗaya ba. Ɗayan reshen zai ci gaba da ɗaukar nauyin shi kaɗai, wutar ta riƙa zuwa da rami a tsakani. Alamar wannan ita ce wani faffaɗan zane mai duhu da ke tafiya sannu a hankali a fuskar talabijin, wani lokaci tare da gurnani a lasifika. Dalilin tafiyar zanen shi ne, allon yana zana hoto kimanin sau 60.6 a daƙiƙa, wutar gida kuma tana juyawa sau 60, ɗan bambancin da ke tsakani shi ke tura zanen.

Bugu da ƙari, a akwatuna da dama akwai wani ƙaramin allon tacewa da aka sanya tsakanin majoni da babban allo domin rage katsalandan ga rediyo da talabijin na maƙwabta. Illarsa ita ce ya ninka wuraren haɗuwar ƙarfe, saboda haka ya ninka wuraren da tsatsa za ta iya kamawa.

4.3.2 Tsufan Kwandansa

Kwandansa irin wadda ake lafar da wuta da ita tana ɗauke da wani ruwan sinadari a ciki, wanda yake bushewa a hankali. Masu ƙera ta sukan ƙayyade mata rai, misali awa 2,000 a zafin digiri 85 na ma'aunin Salshiyos, kuma ƙa'idar da aka saba aiki da ita ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka wannan rai. Idan aka bi wannan lissafi, kwandansar da ke zaune a zafin digiri 45 za ta yi awa 32,000. Akwatin da ake kunnawa awa 12 kullum zai cinye wannan adadi cikin shekara 7 da 'yan watanni. Ke nan duk kwandansar asali da aka samu a akwatin 1980 ta daɗe da wuce wa'adinta.

Abin da ya sa wannan matsala take yaudarar mai gyara shi ne, busasshiyar kwandansa ba ta mutuwa farat ɗaya, kuma halinta yana sauyawa da zafi. Da sanyin safiya hoto zai fito a karkace ko a naɗe daga gefe, bayan minti goma ya miƙe. Idan aka canza guda ɗaya da ta fi lalacewa, sauran da suke sa'o'inta suna nan a layi. Saboda haka ne masu gyaran irin waɗannan akwatuna suke canza dukkan kwandansar talabijin a zama ɗaya.

4.3.3 Soket da Tsagewar Dalma

Umarnin wasan yana ajiye ne a cikin ai-si huɗu, zane-zanensa kuma a cikin biyu, kuma dukkansu a soket aka zaunar da su. Haka ma Z80 da wasu ƙananan alluna biyu da ke goye a kan babban allo. Kullum aka kunna akwati ƙarfe yakan buɗe saboda zafi, idan aka kashe ya tsuke. Shekara da shekaru na wannan motsi sukan sassauta ƙafafun ai-si a cikin soket, su kuma tsaga dalmar da ke riƙe da abubuwa masu nauyi ko masu zafi. Tsagar takan yi siriri kamar gashi, ta kewaye ƙafar abin, ba a ganinta sosai sai da gilashin ƙara girma.

Matsalar ta fi tsanani a akwatin Ms. Pac-Man, wanda Midway ya fitar a shekarar 1982. A can an cire Z80 daga mazauninta an mayar da ita kan wani ƙarin allo, aka haɗa shi da babban allo da faffaɗar waya mai layi 40. Wannan ya ƙara yawan wuraren da saƙo zai iya yankewa.

A nan ya dace a ambaci wani sashe na allon da ake iya kira mai gadi. Aikinsa shi ne ya riƙa ƙirga hotunan da ake zanawa, idan aka zana 16 ƙwaƙwalwa ba ta aiko masa da alamar tana nan lafiya ba, wato kimanin rubu'in daƙiƙa, sai ya tayar da wasan daga farko. Don haka idan aka ga akwati yana ta komawa farko, ko fuskarsa tana ƙyaftawa da tarkacen haruffa, ba mai gadin ne ya lalace ba, aikinsa yake yi. Abin tambaya shi ne me ya ruɗa ƙwaƙwalwar: ƙarancin wuta ne, ko ƙafar ai-si ce ta saki, ko kuwa ɗaya daga ma'ajin wucin gadi shida masu lamba 2114 ce ta gaza, domin an san su da zafi da yawan mutuwa.

4.3.4 Sashen Talabijin

Talabijin ɗin akwatin mai inci 19 ne, irin mai kwalba, kuma an girke shi a tsaye. Cikin waɗanda aka fi samu akwai samfurin G07 na kamfanin Electrohome na ƙasar Kanada, da kuma na kamfanin Wells-Gardner. A nan ne ake samun misali mafi bayyana na abin da ya ƙone ba shi ne mai laifi ba. Akwai wata taransifoma da masu gyara ke kira fulaibak, wadda take samar da wuta mai ƙarfin kimanin bolt 20,000 domin haska kwalbar. Idan ta tsufa jikinta yakan tsage, wayoyin cikinta su haɗu. Da hakan ta faru sai ta ja wuta fiye da ƙima ta cikin babbar tiransistar da ke tura ta, tiransistar ta ƙone, fis ya bi bayanta. Wanda ya canza fis kaɗai zai ga ya sake ƙonewa nan take. Wanda ya canza fis da tiransista zai iya samun 'yan mintuna ko 'yan kwanaki. Sai an canza fulaibak ɗin, an kuma auna wutar da ke ciyar da sashen, wadda a G07 ya kamata ta tsaya a bolt 120, sannan za a ce an yi gyara.

4.3.5 Abubuwan da ke Wajen Allo

Akwai kuma musabbaban da ba a kan allo suke ba. Makunnin tsaro na ƙofar baya idan ya saki, ɗan girgiza akwatin da 'yan wasa ke yi ya isa ya yanke wuta na ƙiftawar ido. Doguwar fitilar da ke haska sunan wasan a sama, idan sitatarta ta gaji tana ta ƙyafƙyaf, takan watsa hayaniya cikin wayoyi. Soket ɗin ƙananan fitilun ƙofar sulalla idan ya karye ya taɓa ƙarfe yakan ƙona fis, kuma da yake ana buɗe ƙofar ana rufewa, taɓawar takan zo ta tafi. Wayoyin da ke bin maƙalar ƙofar su ma sukan karye a cikin robarsu ba tare da an gani daga waje ba.

Idan kuma aka kai akwatin Amurka ƙasar da wutarta ta bambanta, kamar Nijeriya da Nijar inda wutar gida take bolt 220 zuwa 230 mai juyawa sau 50, dole ne a sa masa taransifomar rage wuta. Ko da an yi haka, taransifomar da aka naɗa domin juyi 60 takan fi ɗaukar zafi a kan juyi 50, kuma ramin da ke tsakanin kowane turi na wuta yakan ƙara faɗi, abin da ke ƙara wa tsofaffin kwandansa nauyi.

4.4 Matakan Gano Tushen Matsala

Kafin komai sai an yi maganar tsaro. Kwalbar talabijin tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, haka ma babbar kwandansar sashen, musamman idan fis ya ƙone ya bar ta ba hanyar da za ta zubar da abin da ta tara. Bai kamata wanda bai koyi yadda ake sauke wannan wuta ya sa hannu a wurin ba. Haka kuma ba a jona irin wannan talabijin da wutar gida kai tsaye ba tare da taransifomar da ke raba su ba, domin ƙarfen jikinsa zai iya ɗaukar wuta ya kashe wanda ya taɓa. Bayan an kiyaye wannan, ga matakan da suka dace a bi daki-daki:

(a) Rubuta halin matsalar. A lura da lokacin da take zuwa: da kunnawa ne, ko bayan akwatin ya yi zafi, ko idan an girgiza shi, ko idan an jefa sulalla. Matsalar da ke gushewa bayan ɗumi ta fi kama da ta kwandansa. Wadda ke zuwa bayan ɗumi ta fi kama da ta tsagaggiyar dalma ko ai-si mai gazawa. Wadda ke bin girgiza kuwa ta majoni ce ko makunni.

(b) Raba akwatin gida biyu. Idan fuska ta yi duhu amma ana jin sautin wasa bayan an jefa sulalla, allon wasa yana da rai, sai a nufi talabijin. Idan fuska tana da haske amma tarkace ne a kanta, sai a nufi allo da wutarsa. Wannan mataki kaɗai yana rage rabin wahala.

(c) Dubawa da ido da hanci bayan an kashe wuta. A nemi robar da ta yi baƙi, da haƙorin da ya canza launi, da kwandansar da ta kumbura ko ta yi yoyo, da kuma aikin da wani mai gyara ya taɓa yi a baya. A tabbatar kowane fis yana da adadin amfiyar da aka ƙayyade masa.

(d) Awo alhali akwatin yana aiki. Wannan shi ne mafi muhimmanci. Mita tana jan wuta kaɗan ƙwarai, saboda haka majoni mai tsatsa zai nuna mata cikakken ƙarfi idan ba a ɗora masa nauyi ba. Sai a auna bolt 5 a kan ƙafafun wata ai-si da ke nesa da ragileta. Sannan a ɗora tsinken mita ɗaya a kowane gefen mazaunin fis, a kuma yi haka tsakanin wayar majoni da haƙorin allo. Wurin haɗuwa mai lafiya kusan sifiri zai nuna. Duk inda aka ga kaso biyu ko uku cikin goma na bolt, to nan gizo ke saƙa.

(e) Tsokano matsalar. Tun da mai zuwa ta tafi ba ta jiran mai awo, sai a kira ta. Ana ɗan ƙwanƙwasa sassan allo da busasshen itace ko roba, ana motsa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ana hura iska mai ɗumi ko a fesa maganin sanyaya a kan ai-si guda, ana kallon fuska. Akwai kuma makunnin gwaji a bayan ƙofar sulalla, wanda yake sa allon ya binciki ma'ajinsa ya nuna rukunin da ya gaza. Sai dai ba a dogara da sakamakonsa sai an tabbatar wuta ta daidaita, domin ƙarancin wuta yakan sa ya zargi ai-si mai lafiya.

(f) Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko akwatin ya tashi, bai san wanne ne ya yi maganin ba.

(g) Gwajin juriya. Bayan gyara a rufe ƙofar baya a bar akwatin yana aiki na sa'o'i masu yawa, domin zafin cikinsa a rufe ya fi na lokacin da yake buɗe. Daga nan a kashe, a taɓa mazaunin fis da majoni. Idan da ɗumi fiye da na kewayensu, to tsugune ba ta ƙare ba.

4.5 Gyaran da ke Ƙara Ɓarna

Akwai wasu dabaru da ke tayar da akwati nan take amma su jawo asara daga baya, irin abin da Hausawa ke kira gyaran gangar Auzinawa. Na farko shi ne sa fis mai amfiya fiye da ƙima, ko naɗe mazauninsa da waya. Fis an yi shi ne ya mutu domin taransifoma ta rayu, idan aka hana shi mutuwa sai taransifomar ta ƙone, wani lokaci har da gobara, ga shi kuwa jikin akwatin katako ne. Na biyu shi ne like wayoyi da dalma kai tsaye a kan haƙoran allo. Wannan yana hana a cire allon domin gwaji, kuma zafin likin yakan ƙarasa ɓamɓare tagullar. Na uku shi ne goge haƙoran da takardar yashi, wadda take kankare siririn rufin da ke kare tagulla daga tsatsa. Abin da ya dace shi ne a goge su da roba irin ta goge fensir da sinadarin wanke allo, a gyara waɗanda suka ƙone da sabuwar tagulla, sannan a canza majonin kansa. Sa gyararren allo a cikin ƙonannen majoni mayar da aiki baya ne.

Na huɗu shi ne sa na'urar ba da wuta ta zamani ba tare da an gyara majoni ba. Na'urar kanta ba laifi ba ce, kuma masu gyara da dama suna amfani da ita. Sai dai wutarta ma ta waɗannan haƙora za ta bi. Idan mai gyara ya ga bolt 5 bai cika a kan allo ba ya murɗa na'urar sama domin ya cike giɓin, to ranar da majonin ya motsa ya kama da kyau, dukkan ƙarin zai faɗa kan ai-si.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar matsala mai maimaituwa, an bi hanyar wuta daga filogi zuwa allo, an kuma kawo musabbabai biyar da matakai bakwai na bincike. An ga cewa a akwatin Pac-Man tsarin shigar da ɗanyar wuta cikin allo ya ɗora nauyi mai yawa a kan mazaunin fis da majonin baki, kuma ɗan ƙaramin adadi na turjiya a waɗannan wurare ya isa ya haifar da komawar wasa farko, da zane a fuska, da ƙonewar fis. An kuma ga cewa fis da tiransista da mai gadi yawanci suna nuni ne ga ɓarnar da ke wani wuri. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai gyara a duk lokacin da ya ciro ƙonannen abu ita ce me ya ƙona shi, kuma amsarta tana samuwa ne ta hanyar awo alhali akwatin yana aiki. Babi na gaba zai duba hanyoyin adana waɗannan akwatuna da kula da su bayan an kammala gyara.